Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Wata ranar Asabar da hantsi na leƙa shagon wani kawuna a kasuwar Singa da ke Kano. Kayan masarufi yake sayarwa a kan sari: madara, taliya, sabulu, man girki, tumatirin gwangwani. Na tarar da shi da babban ɗansa sun sa kwamfuta a gaba, an ɗora ta a kan katan biyu na madara saboda rasiɗai sun cinye teburin. Yaron bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, shi ne kuma ya matsa wa uban sai da aka sayi wata manhaja da ke rubuta duk abin da ya shiga sito da duk abin da ya fita. An kai wata takwas ana aiki da ita. Allon ya sha ado, ga kore ga ja ga shuɗi, layi ya hau ya gangaro. Yaron na nuni da yatsa yana bayani: nan cinikin kowace rana ne, nan kayan da suka fi tafiya, nan kuma masu ɗibar kaya bashi.

Kawu ya saurara har ya kai aya, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sannan ya ce, "Na gani, Allah Ya yi albarka. To nawa ta kawo?"

"Baba, ai ba haka ake kallon abin ba."

"To yaya ake kallonsa? Na san abin da na biya ranar farko. Na san abin da ake cire mini duk wata, na san kuɗin batir da na data, na san albashin yaron da aka zaunar yana danne-danne. Abin da ya fita duk na sani. Abin da ya shigo nake tambaya."

Yaron ya juyo ya ce mini, "Yaya, don Allah ka yi masa bayani." Na ce ni gaisuwa ta kawo ni. Amma gardamar ta biyo ni har gida, don irinta ake yi a bankunan Legas da kamfanonin waya da manyan kantunan Amurka da Turai, sai dai can maganar miliyoyin daloli ake yi. Kamfani zai tara bayanan cinikinsa, ya ɗauki ƙwararru, ya sayi na'urori da manhajoji, yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo kowa na rububi kada a bar shi a baya. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai mai riƙe da lalita ya yi tambayar kawu. Wasu su ce tambayar wajibi ce, duk aikin da ba zai iya amsa ta ba a rufe shi. Wasu su ce tambayar ce ke kashe aiki tun yana jariri.

Bari in fara da ɓangaren kawu, tunda shi ya biya.

Hujjarsu ta farko ita ce gwaninta daban, riba daban. A watan Oktoba na 2006 kamfanin Netflix na Amurka, wanda a lokacin babbar sana'arsa aika wa mutane faifan fim ta gidan waya, ya sa gasa. Yana da wata manhaja mai suna Cinematch da ke hasashen tauraro nawa mutum zai ba wa fim, daga ɗaya zuwa biyar, don a san wanda za a tallata masa. Kamfanin ya ce duk wanda ya rage kuskuren hasashen da kashi 10 cikin ɗari, dala miliyan ɗaya tasa ce. Ya saki maki sama da miliyan 100 da mutane kusan 480,000 suka ba wa finafinai 17,770. Masana lissafi daga ƙasashe barkatai suka duƙufa kusan shekara uku, har a watan Satumba na 2009 wata tawaga mai suna BellKor's Pragmatic Chaos ta lashe, aka damƙa mata kuɗinta. A 2012 kuwa injiniyoyin Netflix da kansu suka bayyana cewa ba su ɗora wannan lissafi da ya ci gasa a kan aikinsu ba. Sun ɗauki dabaru biyu daga abin da aka samu a shekarar farko ta gasar, amma ƙarin da aka wahala a kansa daga baya bai kai wahalar haɗa shi da injinansu ba. Ban da haka, kasuwar ma ta riga ta juya: mutane sun koma kallo kai tsaye ta intanet, inda abin da mutum ya kalla har ƙarshe ya fi tauraron da ya danna muhimmanci. An cika sharaɗin gasa tsaf, kashi goma bai yi gardama ba. Sai dai ma'aunin na masu lissafi ne, ba na mai kanti ba.

Hujja ta biyu ta fi wannan zafi, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Kamfanin eBay, babbar kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya kasance yana zuba maƙudan kuɗi wajen sayen talla a shafukan bincike. In mutum ya rubuta sunan takalmi ko na waya, ko ma sunan eBay ɗin kansa, sai tallan kamfanin ya fito a sama, yana dannawa a caji kamfanin. Alƙaluman sashen talla gwanin ban sha'awa: mutum kaza sun danna, kaza daga cikinsu sun yi sayayya, saboda haka talla ya kawo kaza. A 2012 aka yi gwaji, wanda wasu masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka bi diddiginsa suka wallafa a 2015. An dakatar da tallan da ke fitowa in an rubuta sunan kamfanin a shafukan Yahoo da na Microsoft, aka bar na Google don kwatance. Kashi 99.5 cikin ɗari na masu zuwa suka ci gaba da zuwa abinsu ta hanyar da ba a biyan ko sisi.

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ya san wannan. Ka fito daga gida da niyyar Zariya, ka san motar, ka san kuɗin, kana dab da sa ƙafa sai wani ya fisge maka jaka yana ihun "Zariya ɗaya! Zariya ɗaya!" sannan ya juya ya karɓi kamasho a hannun direba kamar shi ya samo ka. Abin da tallan yake yi ke nan. Da aka faɗaɗa gwajin, aka kashe sauran tallace-tallacen a kusan kashi 30 cikin ɗari na yankunan Amurka har kwana 60 aka bar su a sauran wuraren, sai asiri ya ƙara tonuwa. Lissafin da aka saba yi yana nuna ribar da ta haura kashi 1,400 cikin ɗari. Gwajin ya nuna faɗuwa ce ta kashi 63 cikin ɗari. Tallan yana ɗan tasiri a kan sababbin masu saye da waɗanda ba su cika zuwa ba, amma yawancin kuɗin a kan tsofaffin abokan ciniki yake ƙarewa, mutanen da ko da talla ko babu sai sun zo. Kamfani ne cike da bayanai da masana bayanai, amma sai da aka yi tambaya irin ta kawu, da ba a yi wannan abu ba me zai faru, sannan aka ga inda rufin ke yoyo.

Kada kuma a ɗauka awo wuƙar yanka ayyuka ce kawai. A wannan shekara ta 2012 wani ma'aikacin Microsoft ya kawo shawarar sauya yadda kanun talla ke fitowa a shafin bincike na Bing. Manya suka ga ba wani abin a zo a gani ba ne, aka jefa shawarar a bayan layi fiye da wata shida. Wani injiniya ya ga aikin ba wuya, ya gwada a kan wani rukuni na masu bincike ya bar sauran yadda suke. Cikin sa'o'i kaɗan kuɗin shiga ya tashi har na'urar gargaɗi ta ɗauka kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Ƙarin kashi 12 cikin ɗari ne, sama da dala miliyan 100 a shekara a Amurka kaɗai. Ron Kohavi, wanda ya jagoranci irin waɗannan gwaje-gwaje a kamfanin, ya sha faɗin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na dabarun da aka gwada ke gyara abin da aka yi su dominsa. Sauran ko dai ba su tsinana komai ba ko kuma sun ɓata. In ƙwararrun Microsoft suna kuskure sau biyu cikin uku, to ni da kai da yaron kawu fa?

In aka ƙi awo kuma, wani ne zai zo ya auna maka, a lokacin da ba ka so. Asibitin masu cutar daji na MD Anderson da ke Houston ya shiga aiki da na'urar Watson ta kamfanin IBM da fatan ta riƙa taya likitoci zaɓen magani. An yi ta yayata abin a jaridu. Da masu binciken kuɗi na Jami'ar Texas suka buɗe littattafai, sai aka ga an kashe sama da dala miliyan 60, na'urar kuma ba ta kai ga shiga jinyar yau da kullum ba. A farkon 2017 labarin ya bazu, aikin kuwa an riga an jingine shi.

Yanzu mu ba wa yaron dama, tunda kunya ba za ta bar shi ya ja da mahaifinsa a gaban yaran shago ba. Maganarsa tana da nauyi fiye da yadda kawu ya ɗauka.

A 1987, shekarar da ya karɓi lambar Nobel, masanin tattalin arzikin Amurka Robert Solow ya yi wata magana da ta zama abin ambato: kwamfuta ta cika ko'ina, in ban da cikin alƙaluman da ke auna yawan abin da ma'aikaci ke samarwa. Kamfanoni sun shafe shekaru suna saye, amma lissafin ƙasa bai nuna komai ba. Da an bi ta kawu a lokacin, da an kwashe kwamfutocin an sayar wa 'yan gwangwan. Sai daga tsakiyar shekarun 1990 alƙaluman suka fara motsi. Wani masanin tarihin tattalin arziki, Paul David, ya tuna wa mutane a 1990 cewa haka aka yi da wutar lantarki. Edison ya buɗe tashar lantarkinsa a New York a 1882, amma sai a shekarun 1920 amfaninta ya bayyana sosai a masana'antu. Dalili kuwa, tsofaffin masana'antu an gina su ne a kan babban inji guda mai juya doguwar sanda, kowace na'ura na rataye da ita da bel. Cire injin tururi a sa na lantarki bai sauya komai ba. Sai da aka ba wa kowace na'ura ƙaramin injinta, aka sake tsara ɗakunan aikin gaba ɗaya, sannan riba ta fito. Shekara arba'in ke nan. Wane mai lalita ne zai jira?

Ba ma sai mun je nesa ba. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Najeriya da bankunan ƙasar suka ƙaddamar da lambar BVN, lambobi 11 da ke ɗaure kowane asusu da yatsu da fuskar mai shi. Wanda ya bi layin banki a watan Oktoba na 2015, lokacin da wa'adi ya ƙarato, ba zai manta ba: rana, turereniya, na'ura ta ƙi karanta yatsun tsofaffi da na masu aikin ƙarfi, kowa na tsaki. Da a ranar aka tare manajan reshe aka ce nawa wannan wahala ta kawo wa bankinka, da sai dai ya yi inda-inda. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cewa ta yi amfani da lambar wajen cire sunayen ma'aikatan bogi 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, abin da ya rage wa gwamnati naira biliyan 2.29 a kowane wata. Daga baya kuma ga kamfanoni irin su OPay da PalmPay, waɗanda ba a san da su ba a 2014, suna buɗe wa mai shayi da mai kayan miya asusu ta waya cikin 'yan mintuna, saboda an riga an san ko su wane ne. Bankuna ne suka haƙa rijiyar, amma masu ɗiba sun fi su yawa, wasu ma ba a haife su ba lokacin haƙar. A littafin wa za a rubuta wannan riba?

Akwai kuma amfanin da ba ya shiga littafi ko kaɗan, wato asarar da ba ta faru ba. Mai gadin da ya shekara ba a yi sata ba, da me zai nuna aikinsa? Manhajar da ta sa yaron shago ya san ana ƙirga katan, ya fasa abin da ya yi niyya, ba ta da rasiɗin da za ta nuna. Haka gyaran bayanai: a zauna a daidaita sunan abokin ciniki guda da aka rubuta iri huɗu, a cire waɗanda suka rasu, a haɗa littafin sito da na kanti. Aiki ne mai cin rai, ba ya kawo ko kwabo da kansa, amma in ba shi duk lissafin da aka ɗora a sama shirme ne. Kamfanin da ke tambayar kowane aiki ribarsa duk wata uku, wannan aikin zai fara yankewa.

Hujjar ɓangaren yaron mafi kaifi ita ce mudu yana lalata mai awo. Tun 1975 Charles Goodhart, mai ba Babban Bankin Ingila shawara, ya lura cewa da zarar an mai da wani ma'auni abin da ake tilasta wa mutane cimmawa, ya daina faɗin gaskiya. Bankin Wells Fargo na Amurka ya yi ta auna ma'aikatansa da yawan asusun da suka buɗe wa kowane abokin hulɗa. Ma'aikatan suka ga abincinsu na rataye da adadi, suka shiga buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A watan Satumba na 2016 aka ci tarar bankin dala miliyan 185, ya bayyana cewa ya sallami ma'aikata kusan 5,300, daga baya kuma adadin asusun da ake zargi ya kai miliyan uku da rabi. Ka ce wa masanin bayanai ƙarin albashinsa ya dogara da ribar da aikinsa ya nuna, wallahi zai nuna maka riba, don ya fi ka iya lissafi. Sashen talla zai ce shi ya kawo cinikin, sashen bayanai ya ce shi ne, masu kai kaya su ce su ne, in ka haɗa abin da kowa ya yi iƙirari sai ya ninka cinikin kamfanin gaba ɗaya.

Sannan ba komai ne naira da dala ke iya ɗauka ba. A waccan gasa ta Netflix, wasu masu bincike biyu na Jami'ar Texas sun nuna cewa ana iya gano wasu daga cikin mutanen da aka ɓoye sunayensu ta hanyar kwatanta makinsu da abin da suka rubuta a wani shafin finafinai. Aka kai kamfanin ƙara, a 2010 ya soke gasa ta biyu da ya shirya. Najeriya ma tun 2023 tana da dokar kare bayanan jama'a. Aiki yana iya kawo riba a bana ya ci amanar mutane, amana kuwa ba ta da layi a takardar lissafi. Masu wannan ra'ayi suna cewa a bar wa gogaggen shugaba hukuncinsa: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wasunsu ma suna cewa dala miliyan ɗayan da Netflix ya kashe ta dawo ta wata ƙofa, don sunan da ya yi da ƙwararrun da ya jawo sun fi ƙarfin kuɗin. Mai yiwuwa haka ne.

Na juya maganganun nan, kuma ni dai ina bayan kawu, ko da yake ba da irin tambayarsa ba.

Ku dubi hujjojin ɓangaren yaron da kyau. Da me aka kare BVN? Da adadi: 23,846, da biliyan 2.29. Da me aka gane cewa kwamfuta da lantarki sun biya daga ƙarshe? Da alƙaluma. Ƙaryar da lissafin eBay ya shekara yana yi, ido ne ya kama ta? Wani awon ne da ya fi na farko kyau. In an kama mai awo da tauyayyen mudu a kasuwar Dawanau, mudu na gaskiya ake kawowa, ba a cewa daga yau a riƙa sayar da gero da ƙiyasi. Duk abin da suka faɗa ya shafi yadda za a auna ne, da lokacin da za a auna, da wanda zai riƙe mudun. Ko ɗaya bai kai ga cewa a daina ba. Idon da ake cewa ya san kima kuwa, shi ne ya ajiye shawarar Bing wata shida tana shan ƙura.

Maganar haƙuri ita ce ta fi ba ni tsoro, don gaskiya ce, kuma ita ce mafakar kowane ɗan kwangila da aikinsa ya ƙi. Duk mai sayar da manhaja zai ce maka nasa irin na lantarki ne, a jira. Masu aikin Watson ma da an tambaye su a shekara ta biyu, da wuya su rasa irin wannan amsa. To yaya za a bambanta? Mai haƙar rijiya bai san ranar da zai tarar da ruwa ba, amma ba ya haƙa ido rufe. Yana duba ƙasar da ake fitarwa a kowane gaba: ta sauya launi, ta fara laima, ko kuwa dutse aka tarar. Mai gida kuma tun farko ya faɗi iya gaban da zai biya. Aikin tushe irin na gyaran bayanai haka ya kamata a bi shi. Ba za a tambaye shi riba a wata uku ba, amma za a tambaye shi laima: rahoton da ke cin kwana biyar yanzu kwana nawa yake ci, sassa nawa ne suka fara ɗiba daga rumbun, sau nawa lissafin sito ya saɓa da abin da ke ƙasa. In shekara ta zagayo ƙasar na nan a bushe, to a hau sama. Na yarda kuma a ware wani ɗan kaso na gwaji zalla, wanda ba za a tambaye shi komai ba sai abin da aka koya, da sharaɗin a yanke masa kuɗi da wa'adi tun kafin a fara.

Wanda ya iya zaɓen ma'auni shi ne kamfanin UPS mai kai saƙonni. Ya ɗauki shekaru yana gina wata manhaja mai suna ORION da ke tsara wa direba hanyar da zai bi, ya fara baza ta a 2013 ya kammala a Amurka a 2016. Bai auna ta da wani lissafi da sai mai digiri zai gane ba. Da mil ya auna. Kamfanin ya ce in kowane direba ya rage mil ɗaya a rana, a shekara dala miliyan 50 ke nan, kuma manhajar tana rage mil miliyan 100 da galan miliyan 10 na mai duk shekara. Mil abu ne da direba ya sani, akawu ya sani, mai hannun jari ya sani, kuma agogon mota yana rubuta shi ko an so ko an ƙi. Sai dai in yi wata 'yar togaciya: waɗannan alƙaluma daga bakin kamfanin suka fito, kamar yadda na ma'aikatan bogi suka fito daga bakin ma'aikatar da ta yi aikin. Ban ce ƙarya ba ne. Amma mai kaya ne ke yabon kayansa, kuma darasin Wells Fargo ke nan: wanda ya gina abu, ko wanda ladansa ke rataye da sakamakon, ba shi ya kamata ya riƙe mudun ba.

Kuskuren kawu ɗaya ne, kuma shi ne na yawancin masu kuɗi: ya yi tambayar a wata na takwas maimakon ranar da aka kawo masa takardar farashi. Da na koma shagon bayan mako biyu muka zauna mu uku, sai ta bayyana cewa babu wanda ya san katan nawa ke lalacewa a sito ko wa'adinsu ya ƙare kafin zuwan manhajar. Ba a taɓa rubutawa ba. Yaron ya rantse an samu sauƙi, kuma na yarda da shi, amma babu abin da za a kwatanta da shi. Wannan ɓangaren ya wuce, sai dai a fara ƙirga daga yanzu.

Bashi ne kaɗai ke da tarihi, albarkacin wani tsohon littafi mai baƙin bango da akawun kawu ya shekara da shekaru yana cikawa. A kansa aka tsaya. Yaron ya ce manhajar na iya aika wa masu bashi saƙon tuni ta waya in kwanakinsu sun cika. Aka jera sunayen, aka riƙa ɗaukar ɗaya ana tsallake ɗaya, don kada wani ya zaɓo masu biya da wuri ya tara a gefensa. Rabi za su riƙa samun saƙo, rabi a bar su yadda aka saba. Kawu ya cire mutum uku daga jerin gaba ɗaya, ya ce waɗannan tun zamanin mahaifinsa ake hulɗa da gidajensu, ba za a tuna musu bashi da na'ura ba. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa.

"Kai kuma ba kai za ka ƙirga ba," in ji kawu. "Malam akawu ne zai ƙirga, da littafinsa."

"Na yarda, Baba. Amma in ta nuna amfani za a ƙara mini na sito."

"In ta nuna."

An sa wa'adi bayan Babbar Sallah. Kwamfutar ta samu teburinta yanzu, littafin mai baƙin bango kuma yana nan cikin aljihun teburin, kawu ya ce in ban da akawu kada kowa ya taɓa shi sai ranar da aka zauna lissafi.